Kyamarar tsarabar Makka da yaron Sabon Gari da ya sa ta yi aiki a Linux

Ina koyar da karatun Alƙur'ani a zauren gidanmu da ke Birni, nan Damagaram, tun mahaifina yana raye. Ban da almajiran da ke zuwa da ƙafarsu, ina da ɗalibai uku da sau biyu kacal na taɓa dafa kansu, wato 'ya'yan ƙanena da ke zaune a Liyon, can Faransa. Asabar da Lahadi muke zama ta intanet. Saboda su ne na kai wata tsohuwar kyamara wajen wani matashi mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari, kuma tun da na yi fiye da shekara ina amfani da aikin da ya yi mini, ina ganin na isa in faɗi abin da na gani a kan aikinsa da kuma kyamarar kanta.

Za a ce me ya hana ni amfani da wayar salula kamar kowa. Da ita na fara. Amma wanda ya san tajwidi ya san kunne kaɗai ba ya isa ga yaron da ya tashi da Faransanci a bakinsa. Sai ya ga inda bakin harshe ke leƙowa ya taɓa haƙoran gaba wajen harafin sa mai ɗigo uku da zalun, ya ga yadda leɓɓa ke haɗuwa wajen ba da mimun, ni ma kuma sai na ga nasa bakin. A gilashin waya fuskoki uku kowace ba ta fi girman dabino ba, ga Mushafi a hannu, ga wayar tana zafi tana neman mutuwa kafin a kai rabin karatu. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur, wadda mu nan muke ce wa ordinater, mai faffaɗan gilashi, sai dai ba ta da ido. Ɗan 'yar uwata da ke karatu a Jami'ar André Salifou ne ya sa mata Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta da ke zama a madadin Windows, don ta yi tsufan da sabon Windows ba zai zauna mata ba.

Kyamarar kuwa mahaifina ne ya zo da ita tsaraba daga aikin hajji a 2011. Irin ƙananan nan ce masu ruwan azurfa da ake zubawa a tire a kasuwa, sunan da ke jikinta ma babu wanda ya taɓa jin sa. A kwalinta an rubuta megafiksel 12, wato ma'aunin yawan ɗigon hoto, da manyan baƙaƙe. Tana cin batir biyu irin na ƙaramar rediyo, tana da ramin ɗaura ta a kan ƙafa uku, da wani ɗan maɓalli a gefen idon mai hoton fure da hoton dutse, na kusa da na nesa. In aka jona ta da kwamfuta takan tambaya: ma'ajiyar hotuna, ko PC CAM, wato ta zama idon kwamfuta. In ka zaɓi na farko, hotuna su buɗe lafiya lau. In ka zaɓi na biyu, fitilarta ta kama, shi ke nan, kwamfuta ko gezau.

Wannan a watan Janairun 2024 ne, lokacin iyakarmu da Najeriya tana rufe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kayan Kano ba sa shigowa yadda aka saba, wanda ya samu ya shigo kuma farashinsa ya tashi. Na zagaya kasuwar Dole, na samu kyamarar kwamfuta iri ɗaya tak a wani shago, aka gwada mini ita, fuskata ta fito kamar an shafa wa madubi man shanu. Leɓe ma ba ka rarrabe shi da gemu. Masu gyara biyu na kai wa tawa. Ɗaya ya ce in sauke Linux in koma Windows, ɗayan ya jujjuya ta ya ce ta mutu, alhali ga ta tana ɗaukar hoto a hannunsa.

Na ukun shi ne wanda nake magana a kai. Kowa a layin Injiniya yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Shagonsa bai fi taku huɗu ba, da batirin sola a ƙarƙashin tebur da gawarwakin kwamfutoci har rufi. Da na gama bayani bai taɓa sukurdireba ba. Ya jona kyamarar da tasa kwamfutar, ya rubuta lsusb a baƙin allo, umarnin da ke jero na'urorin da aka jona, ya kwafe wasu lambobi takwas a bayan takardar siminti, sannan ya canza ta zuwa PC CAM ya sake kwafewa. Huɗun farko ba su canza ba, huɗun ƙarshe sun canza.

Ya ce, "Malam, lafiyarta ƙalau. Tafinta ne babu tsakaninta da kwamfutarku."

Na ce, "To ɗana, a ina ake sayen tafintan?"

Ya yi murmushi ya ce ba sayensa ake ba, rubuta shi ake. Sannan ya faɗa mini abin da ya sa na amince da shi tun a ranar: "Gaskiya Malam, in kuka haƙura iyaka ta buɗe, sabuwa mai kyau za ta fi muku araha a kan kuɗin aikina. Kuma ban yi muku alkawarin zan iya ba." Na ce ya gwada. Ina son hoton da idon wannan kyamarar ke bayarwa in aka tura maɓallin zuwa fure, kuma ba zan ɓoye ba, ina son a ce abin da Baba ya riƙo da hannunsa daga Makka shi ne jikokinsa ke ganina ta cikinsa.

Na riƙa zuwa shagon bayan la'asar, don haka na koyi abubuwan da ban zaci zan sani ba a shekaruna. Tafintan nan shi ake kira direba, shi Injiniya kuma da yake a lakwal ɗin Faransanci ya yi karatu, pilot yake cewa. Kowace na'urar USB tana gabatar da kanta da lambobi biyu, ta kamfani da ta samfuri, da su kwamfuta ke duba ko tana da direban da ya san harshenta. Tun 2003 aka fito da harshe guda na bai ɗaya ga kyamarorin USB mai suna UVC, Linux kuma ta shigar da direbansa cikin zuciyarta, wato ginshiƙin manhajar, a 2008, shi ya sa yawancin kyamarorin yanzu kana jonawa suke kamawa. Amma masu araha na zamanin tawa da yawa ba su bi wannan hanyar ba. Kamfanoni kaɗan ne, irin su Sunplus da Sonix na Taiwan, ke ƙera 'yar ƙwaƙwalwar da ke ciki, masu haɗawa barkatai su saya su sa a kwanso su buga sunan da suka ga dama, kowace ƙwaƙwalwa da nata yaren, sai a haɗo ka da faifan CD na Windows kawai. Ya ba ni labarin wani likita ɗan Faransa, Michel Xhaard, wanda a lokacin hutunsa ya zauna ya rubuta wa Linux direbobin kyamarori fiye da 200, aikin da ya zama tarin direbobin da ake kira gspca, aka shigar da shi cikin Linux 2.6.27 a 2008. Na ce Allah Ya saka wa mai wannan haƙuri. Lambar kamfanin da ke cikin tawa tana cikin jerin da gspca ya sani, lambar samfurin ce babu.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Ya umarci direban 'yan uwanta ya karɓe ta kamar tasa ce. Kwamfuta ta yarda akwai kyamara, hoto kuwa sai kore shar da wasu layuka masu tsalle a sama. Ni na ɗauka an faɗi. Shi kuwa har da tafa hannu, wai ai wannan yana nufin dangin harshe ɗaya ne, kamar Hausar Damagaram da ta Sakkwato, gaisuwar buɗe ƙofa ce kawai ta bambanta.

Nan ne faifan CD ya yi rana. Allah Ya sa uwargida ba ta zubar da kwalin ba, na same shi a ƙasan adaka, faifan yana cikin ledarsa. Direban da ke kai na Windows XP ne, wanda Microsoft ta daina kula da shi tun 8 ga Afrilun 2014. Injiniya ya buɗe XP ɗin a cikin wani ɗaki na VirtualBox a kan Linux, kwamfuta cikin kwamfuta ke nan, ya miƙa masa kyamarar, sai ga fuskarsa ta fito tangaran. Tun da duk maganar da XP ke yi da kyamara sai ta ratsa ta Linux, sai ya kafa kunne a tsakani da usbmon da Wireshark, yana naɗar kowane saƙo da ya tafi da wanda ya dawo. Abin da ke gangarowa a gilashin ba kalmomi ba ne, lambobi ne bibbiyu a ƙirgen sha shida, wanda bayan tara sai A har zuwa F. Dubbai a cikin daƙiƙa kaɗan.

Na tambaye shi yadda mutum zai fahimci harshen da babu ƙamus ɗinsa. Ya ce, "Malam, yadda yaron Bahaushe ke koyon Barbarci a bakin kasuwa. Ka tsaya kusa da masu ciniki, ka lura duk sanda aka faɗi kaza sai a miƙa kuɗi, duk sanda aka faɗi kaza sai a girgiza kai." Haka ya yi. Ya kunna kyamara ya kashe sau biyar, ya jera naɗin biyar ɗin, abin da ya maimaitu a farkon kowanne shi ne gaisuwar buɗewa, na ƙarshe kuma sallama. Ya canza girman hoto daga ɗigo 320 a faɗi da 240 a tsaye zuwa 640 da 480, ya duba wace lamba ce ta motsa. Abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda, ba ya taɓa haɗa biyu, kuma kowanne sai ya rubuta a wani littafin 'yan makaranta mai bangon shuɗi. Wannan tsarin ya burge ni ƙwarai, don haka nake gyara wa almajiri karatu: ba a kama masa kuskure uku a numfashi ɗaya.

Inda ya fi shan wahala shi ne hoton kansa. Ya ce kowane hoton JPEG da FF D8 yake farawa ya ƙare da FF D9, kamar yadda wasiƙa ke da buɗewa da rufewa. Ya yi kwana biyu yana neman FF D8 a cikin ruwan lambobin nan bai gani ba. Ashe kyamarar gangar jikin hoton kawai take turowa, ba ta turo kan, wato jadawalin da ake warware hoton da shi, don a rage nauyi a kan waya. Direba ne ke ɗora kan daga wajensa. Direban gspca ya riga ya san wannan dabarar, sai dai kan da yake ɗorawa bai dace da ma'aunin tawa ba, kuma alamar da ke nuna farkon sabon hoto tana wani gurbi dabam. Ranar da ya daidaita su ina zaune a kan benci. Koren ya washe, sai ga rabin fuskata a sama rabi a ƙasa, launi duk ya yi ja. Ya gyara lamba ɗaya ya sake haɗawa. Sai ga ni, da rawanina, da ƙurar hunturu a gira. Na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi har mai shayin da ke waje ya leƙo.

Akwai wani abu ƙarami da ya nuna mini irin mutumin da nake hulɗa da shi. Na kai ta gida, da rana lafiya, amma bayan magariba in na kunna dogon ƙwai sai wasu baƙaƙen zirara su riƙa gangarowa a kan hoton kamar inuwar tsani. Wani mai gyaran cewa zai yi in canza ƙwai. Shi ya hau kabu-kabu ya zo har zaure da kwamfutarsa, ya kalla, ya ce kuran ɗinmu na Nijar, wato wutar lantarki, bugu 50 yake yi a daƙiƙa, kyamarar kuma ta farka da zaton tana ƙasar da ake bugu 60, kamar Amurka. Ya buɗe XP a nan kan tabarma, ya sami wurin da aka rubuta 50 da 60, ya danna wannan ya naɗa, ya danna wancan ya naɗa, ya ɗora naɗin biyu gefe da gefe. Bayit ɗaya tak, wato ɗaya daga lambobi bibbiyun nan, ya bambanta a cikin saƙo ɗaya. Ya nuna mini da ɗan yatsa. Ya ƙara layin a cikin direban, zirarar ta ɓace. Bai karɓi ko dala a kan wannan zuwan ba, kuɗin kabu-kabu ma sai da na matsa masa.

Ba zan yabe shi in bar abin da ya ɓata mini rai ba. Ya ce mako guda, aikin ya ɗauki kwana 19. Na san wani ɓangaren ba laifinsa ba ne, lokacin kuran da ke zuwa daga Najeriya a yanke yake, batirin solarsa kuma ba ya kai shi dare. Amma kiran waya ba ya buƙatar kuran. Sau uku na taso daga Birni na tarar da shago a rufe, na kira ba a ɗauka ba, babu saƙo. Dattijo mai almajirai a zaure bai kamata a bar shi yana sintiri haka ba, kuma na faɗa masa a gabansa. Ya ba da haƙuri, ya ce in aiki ya cije masa kunyar ɗaukar waya yake ji. Na ce masa ai faɗin "ban gama ba" shi ma cika alkawari ne.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Wajen wata biyu bayan haka, cikin azumi, kwamfutar ta sabunta kanta, na tashi ranar Asabar kyamara ta koma gidan jiya, yara suna jira a Liyon. Ashe direban da ya haɗa ya ɗaure ne da zuciyar Linux ta ranar, da aka sauya zuciyar sai aka bar shi a baya. Ya san haka na iya faruwa kuma bai gargaɗe ni ba. Ya zo ya sa wani tsari mai suna DKMS wanda ke sake haɗa direban da kansa duk lokacin da aka sabunta, tun daga nan ba ta sake yi ba. Amma da tun farko ya yi, da ba mu rasa karatun mako guda a watan Alƙur'ani ba. Wanda zai kai masa irin wannan aiki ya tambaye shi wannan tun kafin ya biya, ya kuma nemi a ba shi kwafin direban a kile, wato 'yar ma'ajiyar USB, da takardar matakai da hannu. Ni sai da na nema aka ba ni.

Kyamarar kanta kuwa, kada kwalinta ya ruɗi kowa. Megafiksel 12 ɗin nan buɗa hoto ake yi da lissafi, idon da ke ciki bai kai haka ba ko kusa, a PC CAM kuma iyakarta 640 da 480. Injiniya ya auna, hotuna wajen 15 take bayarwa a daƙiƙa in akwai haske, in duhu ya fara sai ta ragu, motsin baki ya riƙa jan ƙafa. Ba ta tura sauti ta waya, sai da na sayi makirfo dabam. Launinta yana karkata zuwa rawaya. Murfin batirinta ya karye, da roba na ɗaure. Abin da take da shi guda ɗaya ne, kuma shi nake nema: in na tura maɓallin zuwa fure na ajiye ta kamar kamu biyu daga fuskata a kan ƙafarta uku, tana nuna leɓe da haƙori da bakin harshe sarai. Na matsar da karatun zuwa hantsi don in sami hasken ƙofar zaure. Da hunturu agogonmu ɗaya da Faransa, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa guda, don haka ƙarfe 10 tawa takan zama 11 tasu.

Jika 15 na biya, wato sefa dubu 15, ban da makirfo. An buɗe iyaka a Maris ɗin 2024, yanzu kyamarorin kwamfuta sun dawo kasuwa, kuma maganar Injiniya ta tabbata, za ka sami mai kyau ƙasa da haka. Don haka ba na ce wa kowa ya je ya sayi tsohuwar kyamara irin tawa don ya mai da ita ta kiran bidiyo. Mai sayen sabuwa ya tambaya ko UVC ce, in mai shago bai sani ba a jona ta a kwamfutar da ba a sa mata faifan komai ba, in ta kama nan take to ita ce. Amma wanda ke da na'urar da ba shi da madadinta, tsohuwar sikana a buro, ko firinta, ko wani abin awo da faifansa ya tsaya a XP, wannan yaron ya cancanci a kai masa, muddin faifan asali yana nan ko ana iya samo direbansa, don in babu wanda zai yi magana da na'urar a saurara, aikin ya ninka wuya.

Ɗan 'yar uwata ya ce masa ya aika gyaran ga masu kula da Linux, don duk mai irin kyamarar a duniya ya amfana, sunan Damagaram kuma ya shiga ciki. Ya ce Ingilishinsa bai kai ba, kuma suna da ƙa'idojin rubutu masu tsauri. Har yau littafin mai bangon shuɗi yana cikin durowarsa. Duk sanda na bi ta Sabon Gari sai na tuna masa, kuma yaron namu ya yi alkawarin zama da shi a hutun nan su rubuta wasiƙar tare.

Ƙaramar cikin ɗalibaina ukun na Liyon, mai shekara bakwai, ta daɗe tana karanta "kausar" da sinun tsantsa. Asabar ɗin da ta wuce na matso da fuskata gaban kyamarar na fito da bakin harshe a hankali, sau uku. Ta matso ita ma har hancinta ya cika gilashin, ta gwada, na ga ɗan harshen ya leƙo tsakanin haƙoran da suka rage mata a gaba. Na ce ta maimaita ayar daga farko, ta maimaita daidai, muka wuce zuwa ta biyu.